Lubbert Litinin da Maƙwabcin Farko

A ƙauyenmu na Elsvoort ba a zaɓen maƙwabci, gadonsa ake yi tare da gona. Kowane gida yana da maƙwabcin farko, kuma duk abin da ya samu gidanka ƙofarsa za a fara bugawa. In haihuwa ce matarsa ce za ta zo. In mutuwa ce shi zai sa baƙaƙen kaya ya bi gida-gida yana sanarwa, ya riƙa tatsar shanun mamacin har a yi jana'iza, sannan ya kama akwatin gawa ta wajen kai. Gidan Lubbert Hazeleger da na Wichert Morren su kaɗai ne a ƙarshen layin da ya nufi daji, 'yar magudanar ruwa ce ta raba gonakinsu, don haka tun zamanin kakanni kowannensu shi ne maƙwabcin farko na ɗan'uwansa.

Lubbert a cikin shanu ya tashi, kuma sun fi mutane sanin muryarsa. Mutum ne dogo mai nauyin baki, in ka tambaye shi abu sai ya tura hularsa baya, ya dubi sama, ka gama shan kofinka kafin amsa ta fito. Bai yi nisa a makaranta ba, ubansa ya ce wanda zai gaji garke ba ya bukatar sanin sunayen kogunan wata ƙasa. Ya auri Dirkje, 'yar mai sayar da ƙwai, wadda Allah ya ba ta duk maganar da ya hana mijinta. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, duk suka yi aure a nesa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne zuriyar wata saniya da ake kira Mina, wadda kakansa ya fara kiwo, har ta kai duk 'yar maraƙar da ta fito daga tsatsonta Mina ake ce mata.

Wichert kuwa baki gare shi. Tun suna yara shi ke magana a madadinsu su biyu, da suka girma aka zaɓe shi dattijon ikkilisiya, kuma in ya buɗe baki yana addu'a tsofaffin mata har hawaye suke yi. Lubbert bai taɓa jin kishin wannan ba. A ganinsa Allah ya raba aiki ne, ya ba shi sanin dabba, ya ba maƙwabcinsa sanin abin da ya halatta da abin da bai halatta ba. Duk wata tambaya da ta shafi bangaskiya, bakin magudana yake kai ta.

Shekarar da ciwon baki da kofato ya shigo ƙasar, kowa yana kwana da fargaba, domin dokar hukuma ita ce in an samu cutar a gona guda, duk dabba mai rababben kofato da ke kewayenta sai an kashe. Wata safiyar Lahadi, lokacin tatsa, Lubbert ya ga ɗaya daga cikin shanunsa tana dalalar da miyau tana ɗingishi. Ya buɗe bakinta, ya ga ƙuraje a harshenta.

Mu a nan ba a taɓa waya ranar Lahadi. Ana tatsa, domin saniya ba ta san Lahadi ba, amma ba a kunna tarakta, ba a shanya wanki, ba a kiran kowa sai in rai ne a kan hanya. Lubbert ya rasa ko wannan yana cikin abin da ake karya doka dominsa. Ya sauya kaya ya nufi bakin magudana, ya tarar da Wichert ya riga ya sa kwat ɗinsa na coci. Ya faɗa masa abin da ya gani, ya tambaye shi ko ya kira likitan dabbobi.

Wichert ya dubi garken Lubbert, ya dubi nasa. Sannan ya ce, "Maƙwabci, mai yiwuwa ƙarfe ta tauna a cikin ciyawa. In ka kira su yau za su cika garin nan da motoci da fararen riguna, ba wanda zai yi sujada. Ubangijin da ya tsare ta jiya zai tsare ta zuwa gobe. Ka bari sai Litinin."

Lubbert ya ji kamar an sauke masa buhu daga kafaɗa. Ya tafi sujadar safe ya zauna a bencinsa kusa da Aart, wani manomi mai shanu a ɗaya gefen ƙauyen, har suka miƙa wa juna alewar minti lokacin wa'azi kamar kullum. Ya koma sujadar yamma ma. A ta yamman ce kujerar Wichert a layin dattawa ta kasance wayam, matarsa Jannigje ta ce ciwon kai ne ya kwantar da shi.

Litinin da sassafe ya kira. Cutar ce. Da ma'aikatan hukuma suka tambaye shi yaushe ya fara ganin alama, da yake bai iya ƙarya ba, ya ce jiya da safe. Kafin azahar maganar ta zagaye gari. Bayan 'yan kwanaki aka samu cutar a gonar Aart, aka faɗaɗa da'irar kisa, ta haɗiye ƙauyen baki ɗaya. Aka rufe hanyoyi, manyan motoci suka yi ta kwasar gawar shanu da tumaki har da awakin yara. Lubbert ya tsaya a ƙofar garkensa aka fito da zuriyar Mina ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace a hankali don kada ta firgita. Da aka gama ya shiga gida ya zauna, bai cire takalmin katakonsa ba.

Ni dai har yau ban yarda cewa a jikin kwat ɗin Lubbert cutar ta bi ta je gonar Aart ba, iska ma tana ɗaukarta. Amma baƙin ciki ba ya zama a sarari, sai ya samu kan da zai sauka. Wani ya ce Lubbert Litinin, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sunan ya manne. Matan da ke zuwa shan kofi wurin Dirkje suka ɗauke ƙafa. A coci Aart ya sauya benci.

Lubbert bai damu sosai ba da farko, domin ya tabbata Wichert zai tashi ya ce shi ne ya ba da shawarar. Abin da yake jira ke nan, kuma abin da ya ci gaba da jira ke nan tsawon shekaru: maƙwabcinsa ya buɗe baki a gaban jama'a ya wanke masa suna. Ya ga Wichert yana kuka ranar da aka kashe nasa shanun, ya ji shi yana jan addu'a a taron manoma, ya ce a ransa mutumin yana cikin ruɗu ne, a ba shi lokaci. Da lokacin ya yi tsawo, Dirkje ta matsa masa ya kai maganar gaban fasto da dattawa. Ya je, hula a hannu, ya faɗi yadda aka yi cikin 'yan kalmomi. Aka juya wajen Wichert. Wichert ya sunkuyar da kai cikin tausayi ya ce shi dai abin da ya tuna, ya ce wa ɗan'uwa Lubbert kowa ya bi abin da zuciyarsa ta nuna masa a gaban Allah. Fasto ya yi addu'ar zaman lafiya aka tashi.

Ko a nan Lubbert ya nema masa uzuri. Ya ce wa Dirkje tsoro ne, kuma kowa yana iya jin tsoro. Dirkje ta ce, "Tsoro? Musa ne a baki, Fir'auna a zuci. Kai kaɗai ne a garin nan za a taka maka ƙafa ka ce wa mai takawar sannu."

Da kaka ta yi aka ba da izinin sake kiwo. Wichert ne ya fara zuba shanu a makiyayarsa, kyawawan karsana, ya ce daga arewa ya sayo su. Wata yamma Lubbert ya tsaya a bakin magudana yana kallonsu, don idonsa yana kewar ganin saniya a kan ciyawa. Sai ya hango wata mai farin tabo a goshi kamar lauje. Ya san tabon nan, shi ya karɓi haihuwarta da hannunsa. 'Yar Mina ce da ya ba Wichert musayar busasshiyar ciyawa a hunturun da ya wuce, wadda a lissafin kowa ta mutu tare da sauran garken Wichert. An sa mata sabuwar lamba a kunne, ga yagar tsohuwar nan ba ta gama warkewa ba. Ya yi mata ɗan ƙas-ƙas da harshe yadda yake yi wa nasa, ta bar kiwo ta taho har bakin ruwan.

Nan take ciwon kan ranar Lahadin nan ya bayyana masa. Lokacin da gari duka yake cikin coci yana rera zabura, Wichert yana loda zaɓaɓɓun shanunsa a motar surukinsa, suna bin hanyar daji zuwa inda da'ira ba za ta kai ba. Ashe ba don Ubangiji aka ce ya jira ba, yini guda ake bukata, kuma da mutuncin Lubbert aka saya. Lubbert ya ji abin ya soke shi a wurin da ko kisan shanun bai taɓa ba. An ci amanarsa, kuma da sunan Allah aka ci.

Ya tsallaka magudanar ya sami Wichert a bakin rumbu ya faɗa masa abin da ya gani. Wichert bai ɗaga murya ba. Ya dafa masa kafaɗa ya ce shanu suna kama da juna, kuma baƙin ciki yakan yi wasa da idon mutum. Har ya ce zai sa shi a addu'a.

Dirkje ta ce a kai ƙara hukuma. Lubbert ya ce ba a kai ɗan'uwa a ikkilisiya gaban alƙalin gwamnati, kuma ma wace shaida yake da ita ban da idonsa? Ta ce to a yanke maƙwabtaka, domin al'ada ta yarda mutum ya je ƙofar maƙwabcinsa ya ce daga yau ba ni ba kai, kuma ba zagin da ya fi wannan a wurinmu. Ya ce in ya rufe wannan ƙofar, ta ina Wichert zai shigo ranar da ya shirya faɗin gaskiya? Ta ce sai ya jira ranar da kaza za ta yi haƙori, ta shige kicin ta bugo ƙofa.

Bai sake sayen ko maraƙi ba. Ya ba da hayar makiyayar, ya kama aiki a gidan kajin wani yana tsintar ƙwai yana jerawa, mutumin da a da ake zuwa daga nesa neman shawararsa kan bijimi. Bai daina zuwa coci ba, amma in ranar Jibin Ubangiji ta zo, wato ranar da ake zama a teburin coci a ci gurasa a sha ruwan inabi, ba ya tashi daga benci. An koya mana ba a zuwa teburin nan da gaba a zuciya, ga shi kuma Wichert ne ke tsayawa a gefen teburin yana nuna wa mutane wurin zama. Jama'a suka ɗauki zamansa a matsayin amsa laifi, wasu har suka yaba masa da cewa aƙalla ya san abin da ya yi. Addu'arsa ta ƙanƙance ta koma jimla guda, safe da yamma, kafin abinci da bayansa: Ubangiji ka buɗe bakin Wichert. Shekara ta bi shekara, gashinsu ya yi fari, suna ɗaga wa juna hannu ta kan magudana. Duk ranar da Wichert ya ɗan tsaya kamar zai yi magana sai zuciyar Lubbert ta harba, sai ya ji zancen ruwan sama ne.

Sai ciwo ya kama Wichert, irin wanda likita ke sallamar mutum ya koma gida. Wata rana da hantsi Jannigje ta zo ta ce yana kiransa. Lubbert ya yi aski, ya sa farar riga. Dirkje ta bi shi da kallo.

Ya tarar da Wichert a gado kusa da taga, ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Jannigje ta ajiye kofi ta fita. Wichert ya ce, "Maƙwabci, kai ne na farko. In lokaci ya yi kai za ka sanar, kai za ka kama kai. Kada ka bari yaran nan su yi abin a gaggauce."

Lubbert ya ce ya ji. Ya juya hularsa a hannu ya jira. Can ya ce, "Ba wani abu kuma, Wichert?"

Wichert ya dube shi, kuma Lubbert ya rantse daga baya cewa a idon nan ya ga komai a fili, mutumin bai manta ko ɗigo ba. Leɓensa ya motsa. Sai ya kau da kai wajen taga ya ce, "Magudanar nan ta cika da ciyawa ta ɓangarenka. Ka sa a share kafin ruwa ya sauko."

Cikin makon ya rasu.

Dirkje ta ce wannan karon ko fasto ba zai ga laifinsa ba in ya ce ba shi da lafiya ya ƙi aikin maƙwabcin farko. Lubbert shi kansa bai san abin da zai yi ba. Amma da lokacin tatsar safe ya yi ya ji shanun Wichert suna kuka, nononsu ya cika, ga ɗan mamacin al'ada ta hana shi taɓa aiki. Ƙafarsa ce ta kai shi, ba niyya ba.

Rabonsa da shiga garke tun shekarar cutar. Ɗumin wurin da warinsa suka tarbe shi a ƙofa. Ya fara goge hantsar shanun yana maƙala musu injin tatsa, hannunsa bai manta komai ba. Kusan rabin garken jikokin Mina ne, ya gane su a ƙira da yadda suke tsayuwa. Ya jingina goshinsa a jikin wata saniya, daga nan kuka ya ƙwace masa, irin na tsoho, mai fita da ƙyar. Ya buɗe baki zai yi addu'arsa ta kullum ya ga ba ta da sauran amfani, bakin da yake roƙo a buɗe ya rufe har abada.

A nan ne, kamar yadda ya gaya wa Dirkje daga baya, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Sau biyu ya dogara ga Wichert. Na farko ranar Lahadin nan, da ya kai masa tambayar da ya kamata ya durƙusa ya kai wa Allah. Na biyu kuma duk shekarun nan, da ya ɗora salamarsa a kan harshen mutumin, kamar ba wanda zai iya wanke shi sai shi. Ya tuna cewa Yesu ma wanda suke cin abinci a akushi ɗaya ne ya bashe shi, kuma bai jira an ba shi haƙuri ba kafin ya miƙa kansa ga Ubansa. Ya ce wa Allah a fili, shanu suna ji, "Kai kana wurin. Ka ji abin da ya faɗa mini, ka ga motar. To na bar maka." Ba wata murya da ta amsa, injin ne kawai ke ta bugawa. Amma ya ce abin da ya tokare masa ƙirji tun ranar da ya ga farin tabon nan ya sauka, har ya ji yunwa.

Ya koma gida ya karya da burodi da cuku, ya sa baƙaƙen kaya, ya fara bin gidaje. A kowace ƙofa yakan cire hula ya ce iyalin Morren suna sanar da cewa Ubangiji ya kira Wichert, za a binne shi ran Juma'a. Har ya iso ƙofar Aart. Aart ya tsufa, ya kurumce a kunne guda, amma harshensa yana nan da kaifinsa. Ya saurari sanarwar, ya dubi Lubbert daga sama har ƙasa ya ce, "Yau dai ka yi sauri. Da ma kana iya kawo labari a ranar da ya faru?" Sai ya ƙara da cewa an yi rashin mutumin Allah, garin nan ba zai sake samun irinsa ba.

Maganar duka tana bakin Lubbert, a jere, kuma ba mai ƙaryata shi yanzu. Ya lalubi zafin da zai tura ta waje ya tarar ba ya nan. Ya ce, "Allah ya fi mu saninsa, Aart. Ran Juma'a ne, da hantsi." Ya mayar da hularsa ya nufi gida na gaba.

Ya kama akwatin ta wajen kai kamar yadda aka roƙe shi. A Jibin Ubangiji na gaba ya tashi daga benci ya je ya zauna, wasu suka dubi juna, bai kula ba. Ya yi 'yan shekaru bayan haka yana tsintar ƙwai, kuma ba wanda ya taɓa wanke masa suna. Yaran da ba a haifa ba lokacin cutar ma Lubbert Litinin suke ce masa, ba su san dalili ba, shi kuma yana amsawa.

Sai bayan da muka binne shi Dirkje ta ba da labarin nan a wurin shan kofin makoki, da ƙarfi, ɗan Wichert yana zaune. Rabin mutanen suka ce ɗacin takaba ne ke magana, sauran suka dubi kofunansu. Ita ba ta yafe ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Na taɓa tambayarta abin da ya fi yi mata ciwo, ina zaton za ta ce shanun ko sunan. Ta ce ba su ba ne. Ta ce tun daga safiyar tatsar nan mutumin nan yake barci kamar jariri, yana 'yar waƙarsa in yana wanke hannu, ita kuwa tana kwance a gefensa ido biyu tana tafasa. Ta goge bakin kofinta da yatsa ta ce, "Shekara da shekaru muna riƙe da fushin nan mu biyu. Rana ɗaya ya je ya ajiye nasa wurin Allah, bai ko yi shawara da ni ba, ya bar ni da shi ni kaɗai."